Ƙwayoyin Ƙarin Gina Jiki Don Ƙwaƙwalwa da Ido: Wanne Ya Cancanci Kuɗin Mai Saye?

Duk wanda ya shiga babban kemis a Kano ko Kaduna ko Maraɗi a 'yan shekarun nan zai tarar da kanta guda an ware ta ga kwalaben da ba na maganin wata cuta takamaimai ba ne, wato waɗanda ake kira ƙarin gina jiki. Wasu na ɗauke da hoton ƙwaƙwalwa tana haske, wasu hoton ido garau, kuma alkawuran da ke jikinsu su ne masu tallarsu ke maimaitawa a Facebook da WhatsApp: kaifin basira, saurin hadda, maganin mantuwa, wanke ido, har da raba mutum da tabarau. Masu sayensu kuwa mutane ne masu buƙata ta gaskiya. Akwai ɗalibin da jarrabawar JAMB ta gabato masa, da mahaddacin da yake jin tilawarsa na zubewa, da ma'aikaciyar da ke wuni gaban kwamfuta idonta na yaji, da kuma ɗan da ya lura mahaifinsa ya fara tambayar abu ɗaya sau uku a zama guda, yana neman abin da zai yi masa. Tun da yake kuɗin kwalba ɗaya daga cikin waɗanda ake shigo da su kan kai kuɗin cefanen kwanaki, ya kamata a auna su da ma'auni ɗaya, a ga wanne aka gwada a jikin mutane, su wane ne aka gwada shi a kansu, kuma me aka samu.

Idan aka yi wannan awo, abin da ke fitowa shi ne kayan da ke kan kantar nan ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake an jera su wuri guda. Wasu suna cike giɓin wani sinadari da jiki ya rasa, kuma ga wanda ya rasa shi amfaninsu tabbatacce ne, ga wanda bai rasa ba kuwa kusan babu wani amfani. Akwai haɗi guda ɗaya da aka tabbatar yana rage saurin wata cutar ido ta musamman. Akwai abin da ke wartsakar da mutum na 'yan awoyi kaɗai. Ragowar, waɗanda galibi su ne mafiya tsada da kyawun kwali, an gwada manyansu an ga ba su cika alkawari ba. A ganina babban kuskuren mai saye shi ne ya zaɓi kwalba saboda sunan gaɓar da aka rubuta a jikinta, alhali tambayar da ta dace ita ce mene ne jikinsa ya rasa.

Sinadarin ƙarfe, wanda ke cikin maganin ƙarin jini, shi ya fi cancanta a fara da shi, domin a ƙasashenmu babu wani ƙarancin da ya kai shi cinye natsuwa da kuzarin tunani. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka nan kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59. Jini shi ke kai wa ƙwaƙwalwa iskar da take aiki da ita, saboda haka budurwar da ke zubar da jini mai yawa a al'adarta, ko matar da ta yi haihuwa a jere, takan ji kasala da jiri da bugun zuciya da rashin iya tsayar da hankali kan karatu, sai a ce mata ba ta da ƙoƙari. Idan aka ja fatar idonta ta ƙasa aka ga cikinta ya yi fari fat maimakon ja, an samu alama ta farko, amma awon jini a asibiti ne ke tabbatarwa. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa 'yan mata da matan da ke da ƙarancin ƙarfe kan samu ƙarin natsuwa da kuzari bayan sun sha shi na wasu watanni. Ƙaramar ƙwayar nan da ake bai wa masu ciki a wajen awo, mai miligiram 200, tana ɗauke da kimanin miligiram 65 na zallan ƙarfe, kuma ta fi yawancin ruwan maganin ƙarin jini masu zaƙi da tsada yawan sinadarin. Takan mayar da bayan gida baƙi, takan kuma ɗaure ciki, amma wannan ba abin tsoro ba ne. Shayi yana hana jiki tsotse ta, lemun tsami ko lemun zaƙi kuwa na taimakawa, don haka a raba tsakaninta da shayi da awa ɗaya ko biyu.

Sai dai ƙarfe ba abin sha ba ne bisa zato. Ba kowane ƙarancin jini ne daga rashinsa yake ba, domin zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da tsargiya da gyambon ciki duk suna jawo shi, kuma idan ba a magance tushen ba ana zuba ruwa ne a rariya. Mai cutar sikila, musamman wanda ake yawan yi wa ƙarin jini, yana iya kasancewa da ƙarfe fiye da kima a jikinsa, saboda haka kada ya sha sai da umarnin likitansa. Namiji babba da aka samu da ƙarancin ƙarfe kuma yana buƙatar a bincika ta ina jinin ke zurarewa. Sannan a ɓoye ƙwayoyin nesa da hannun yara, domin yaro ƙarami idan ya haɗiyi da yawa yana iya rasa ransa.

Bitamin B12 shi ne na biyu a wannan rukuni, kuma shi ne ya fi shafar manya. Ana samun sa a nama da hanta da kifi da ƙwai da nono, amma tsufa yana rage wa ciki ƙarfin tsotse shi, haka ma daɗewa ana shan metfomin na ciwon suga ko magungunan rage tsamin ciki irin su omefrazol. Rashinsa kan zo da mantuwa da ruɗewa da sagewar ƙafafu, har mutum ya riƙa jin kamar tururuwa na tafiya a tafin ƙafarsa, kuma yana cikin 'yan dalilan mantuwa da ake iya gyarawa idan an gano da wuri. Dattijon da ya shekara biyar yana shan metfomin ya fara mantuwa ya fi buƙatar awon B12 a kan duk wata kwalba mai hoton ƙwaƙwalwa. Idan an samu ƙarancin, likita zai zaɓi tsakanin allura da ƙwaya gwargwadon dalilinsa. Ga wanda nasa ya cika kuwa, manyan gwaje-gwajen da aka yi da bitamin na jinsin B ba su nuna sun ƙara wa mai lafiya basira ba, kuma yawan B6 na tsawon lokaci shi kansa yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.

Aidin ba ya ma buƙatar kwalba. Rashinsa a lokacin goyon ciki da ƙuruciya yana tauye ƙwaƙwalwar yaro har abada, a jikin babba kuma yana kawo maƙoƙo, shi ya sa Najeriya ta wajabta saka shi a gishirin abinci tun 1993. Abin da ake buƙata shi ne gidan ya yi girki da gishirin leda mai aidin, a ajiye shi a rufe, a kuma sani cewa gishirin gargajiya da ake saye a dunƙule galibi ba a saka masa.

Idan aka tsallaka zuwa kwalaben da aka rubuta wa sunan ƙwaƙwalwa kai tsaye, sai lamarin ya sauya. Mafi shahara a cikinsu shi ne ginko, ganyen wata bishiya 'yar asalin ƙasar Sin, kuma an yi masa gwaji irin wanda ake yi wa magani na gaske. A Amurka an raba mutum 3,069 'yan shekara 75 zuwa sama gida biyu, rabi suna shan miligiram 120 sau biyu a rana, rabi suna shan ƙwayar da ba komai a cikinta, aka bi su kimanin shekara shida. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna ginko bai rage kamuwa da cutar gushewar tunani ta tsufa ba. Wani babban gwaji a Faransa, wanda aka wallafa a 2012, ya zo da irin wannan amsa. Ga shi kuma ginko yana iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan asfirin ko wafarin, waɗanda ke cikin magungunan da dattawa masu ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ke yawan sha, wato daidai mutanen da ake saya wa shi. Ban ga hujjar da za ta sa a saya wa tsoho ginko ba.

Man kifi, wato omega-3, labarinsa ya fi daɗin ji, domin gaskiya ne cewa akwai nau'insa da ake kira DHA da yawa a ƙwaƙwalwa da tantanin bayan ido, kuma gaskiya ne cewa al'ummomin da ke yawan cin kifi sukan fi lafiyar zuciya da ta ƙwaƙwalwa. Amma da aka ɗauki man aka zuba a ƙwanso aka bai wa dattawa na tsawon shekaru, ba a ga ya kare tunaninsu ba, ciki har da wani gwaji na mutum fiye da 3,000 da aka wallafa a 2015. Yawan shansa kuma an danganta shi da ƙarin haɗarin wata irin rikicewar bugun zuciya. Wanda zai iya cin kifi mai maiƙo, kamar titus ko sadin na gwangwani, sau biyu a mako, ya samu abin da yake nema tare da furotin da B12 a farashi mai sauƙi. Wanda ba ya cin kifi ko kaɗan, ko mai cikin da likita ya ba ta shawara, su ne ke da dalilin saye. Su ma ya kamata su juya kwalbar su karanta bayanta, saboda ƙwanson da aka rubuta wa miligiram 1,000 da manyan baƙi a gaba sau da yawa EPA 180 da DHA 120, nau'o'in omega-3 masu amfani, kaɗai yake ɗauke da su, wato miligiram 300 ke nan na abin da ake biyan kuɗi dominsa. Man hantar kifi, wanda iyaye suka daɗe suna bai wa yara, daban yake, domin yana ɗauke da bitamin A mai yawa, kuma bai dace mai ciki ta sha shi ba tare da sanin ma'aikatan awo ba.

Ƙwayar da ta haɗa bitamin iri-iri, wadda ake sha ɗaya a rana, tana tsakiya ne. Wani gwaji da ake kira COSMOS-Mind, wanda aka wallafa a 2022, ya bi mutum fiye da 2,200 'yan shekara 65 zuwa sama na shekara uku, aka ga masu shanta sun ɗan fi takwarorinsu a jarrabawar tunani. Amma kafin nan an bi likitoci maza kusan 6,000 na kimanin shekara 12, aka fitar da sakamako a 2013 ba tare da an ga wani bambanci ba. Abin da na fahimta daga waɗannan biyun shi ne amfanin ƙarami ne, kuma zai fi bayyana ga wanda cimarsa ba ta wadatu ba. Tsohuwar da haƙoranta suka zube, take rayuwa kan koko da tuwo da miya marar nama, tana iya amfana da irin wannan ƙwaya mai araha, kuma ta fi mata ginko nesa ba kusa ba. Matashi mai cin abinci iri-iri kuwa bai kamata ya sa ran za ta ƙara masa maki ba.

Sauran ganyayyaki da ake zubawa a haɗe-haɗen ƙwaƙwalwa, irin su bakofa da ashwaganda na ƙasar Indiya da wani naman kaza da ake yayi yanzu, gwaje-gwajensu ƙanana ne kuma na 'yan makonni. Bakofa ta nuna ɗan tasiri kan tuna abu bayan wata uku a wasunsu, tare da ɓacin ciki. Ashwaganda kuwa an samu rahotannin ciwon hanta a kan masu shanta, har ƙasar Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Matsalar da ta fi waɗannan girma ita ce haɗin sirri, inda kamfani zai lissafa sinadarai goma sha biyar ya ba da jimillar nauyinsu kawai, ba tare da faɗin na kowanne ba. Rubutun "an yi a Amurka" ma ba shaida ba ce, domin dokar ƙasar ta 1994 ba ta buƙatar hukumar magungunansu ta tabbatar da amfanin ƙarin gina jiki kafin a fara sayar da shi, kuma masu bincike a can sun sayi irin waɗannan kwalabe sun tarar da magungunan da ba a amince da su ba a ciki. A 2019 wata majalisar ƙwararru ta duniya kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta duba hujjojin duka, ta ce ba ta shawartar kowa ya sha wani ƙari don ƙwaƙwalwa sai wanda aka tabbatar yana da ƙarancin wani sinadari.

Abin da ke tsayar da hankali nan take, wanda babu gardama a kansa, shi ne kafeyin, kuma Bahaushe ya san shi a cikin goro tun kafin gahawa ta zama ruwan dare. Yana kuma cikin shayi da lemukan ƙarin kuzari, kuma idan aka karanta bayan yawancin ƙwayoyin natsuwa za a tarar shi ne ainihin abin da mai sha yake ji yana aiki, ko da an ɓoye shi da sunan wani ganye. Babba mai lafiya na iya shan har miligiram 400 a rana, wato kimanin kofi huɗu na gahawa, mai ciki kuma kada ta wuce 200. Abin lura shi ne jiki na ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabin abin da aka sha, saboda haka ɗalibin da ya ci goro bayan la'asar, ya bi shi da shayi mai kauri bayan isha'i, zai kwanta da sauran kafeyin a jininsa. Barci kuwa shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke kafe abin da aka karanta da rana, don haka wanda ya sayi awa biyu na karatun dare da barcinsa yakan wayi gari da rabin haddar ta tafi. Kafeyin da safe, daidai gwargwado, ya fi kowace ƙwayar natsuwa araha da tabbas, amma yana da kyau mai hawan jini ko bugun zuciya ko gyambon ciki ya yi hattara da shi. Tiramadol da kodin da wasu matasa ke sha da sunan ƙarfin karatu ba sa cikin wannan lissafi sam, domin ƙwayoyi ne masu kama jiki da ke rusa tunanin da ake son gyarawa.

A ɓangaren ido, ya kamata a fara da sanin abin da ke makantar da mutanenmu. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007, kan 'yan shekara 40 zuwa sama, ya nuna yanar ido ce ke da kashi 43 cikin 100 na makanta, hawan jinin ido kuma, wato gilakoma, kusan kashi 17. Yana, aiki ne ke cire ta, aikin da ba ya ɗaukar awa guda kuma ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano da sauran asibitoci da yawa. Gilakoma kuma ana riƙe ta ne da maganin ɗigawa ko aiki, kuma ba ta yin ciwo sai ta cinye gefen gani. Wanda ya haura shekara arba'in ya fara nisanta Alƙur'ani ko waya daga fuskarsa kafin ya iya karantawa, tabarau na karatu yake buƙata, domin ƙwayar idonsa ce ta fara taurin tsufa. Babu wata ƙwayar ƙarin gina jiki da aka tabbatar tana narkar da yana, ko sauke hawan jinin ido, ko maye gurbin tabarau.

Haɗi ɗaya tilo da ke da hujja mai ƙarfi shi ne wanda ake kira AREDS2, kuma na cuta ɗaya ne, wato lalacewar makula ta tsufa. Makula ɗan wuri ne a tsakiyar tantanin bayan ido, da shi ake karatu da gane fuska, kuma idan ta lalace mutum yakan ga layi miƙaƙƙe ya karkace ko tsakiyar abin da yake kallo ya dushe. Cibiyar Ido ta Ƙasar Amurka ta fitar da gwaji na farko a 2001, inda aka ga haɗin bitamin C da E da beta-karotin da sinadarin zink da na tagulla ya rage haɗarin cutar ta kai matakin ƙarshe da kimanin kashi 25 cikin 100 a shekara biyar, ga waɗanda cutar ta riga ta kai matsakaicin mataki. A gwaji na biyu, wanda aka fitar a 2013 kan mutum 4,203, an ga lutin da ziyazantin, sinadaran da ake samu a ganyayyaki, na iya maye gurbin beta-karotin, ƙara man kifi kuma bai ƙara komai ba. Haɗin da aka tsaya a kai shi ne bitamin C miligiram 500, bitamin E ma'aunin IU 400, zink miligiram 80, tagulla miligiram 2, lutin miligiram 10, ziyazantin miligiram 2. Bai hana mai lafiyayyen ido kamuwa da cutar ba, bai dawo da ganin da ya tafi ba, kuma bai hana yana ba. Tun da likitan ido ne kaɗai zai iya duba bayan ido ya faɗi matakin cutar, ba haɗin da mutum zai saya wa kansa ba ne, musamman ganin cewa matakin ƙarshe na wannan cuta ya fi yawa a tsakanin Turawa fiye da baƙar fata. Wanda likita ya rubuta masa ya gwada adadin da ke jikin kwalba da waɗannan lambobi, domin da yawa daga cikin bitamin ɗin ido suna ɗauke da sunayen sinadaran ne kawai ba adadinsu ba.

Dalilin cire beta-karotin ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna cewa abin da ke da amfani a cikin karas na iya zama illa a cikin ƙwaya. A ƙasar Finlan an bai wa maza mashaya sigari fiye da 29,000 a gwaji, ana sa ran zai kare su daga sankarar huhu, sai sakamakon 1994 ya nuna masu shan beta-karotin sun fi kamuwa da ita da kashi 18 cikin 100. Saboda haka mai shan sigari, ko wanda ya daina, ya guji duk kwalbar ido da ke ɗauke da shi da yawa. Bitamin E mai IU 400 ma ba a shansa haka kawai, domin wani babban gwaji a 2011 ya danganta shi da ƙarin haɗarin sankarar mafitsara ta maza.

Bitamin A shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye, domin rashinsa ne ke kawo dundumi, inda yaro ko mai ciki ke kasa gani da zarar magariba ta yi, kuma idan ya tsananta, musamman bayan ƙyanda, yana busar da idon yaro har baƙin idon ya lalace. Maganinsa kyauta ake bayarwa a makon lafiyar mata da yara, shuɗin ƙwanso mai IU 100,000 ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja mai IU 200,000 ga 'yan wata 12 zuwa 59, duk bayan wata shida. Manja da zogale da alayyahu da karas da kabewa da mangwaro da gwanda da hanta da gwaiduwar ƙwai duk suna ba da shi, ganyayyakin da gwaiduwar kuma suna ɗauke da lutin ɗin da ake sayarwa da tsada. Babba mai cin waɗannan ba zai ƙara gani ba don ya sha ƙwayar bitamin A, sai dai ya tara shi a hanta, kuma yawansa a farkon ciki yana iya nakasa jariri.

Saura masu yajin ido da bushewarsa saboda waya da kwamfuta da ƙurar hunturu. An gwada man kifi mai yawa a kan mutum 535 masu bushewar ido na shekara guda, sakamakon 2018 ya nuna bai fi man zaitun da aka bai wa ɗaya ɓangaren ba. 'Ya'yan itacen bilbari da ake cewa suna ƙara gani da dare su ma ba su tsallake gwaji mai kyau ba. Abin da ke taimakawa shi ne ɗigon ruwan jiƙa ido, da ɗaga kai daga allo duk bayan minti 20 a kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20, da a gwada ido ko ana buƙatar tabarau. Ya kamata a kuma guji maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid da ake saye a kemis don jan ido, domin daɗewa a kansa na jawo gilakoma da yana.

Akwai wani abin da ya haɗa ɓangarorin biyu. Kwamitin ƙwararru na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya gyarawa waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar gushewar tunani, kuma a cikinsu akwai hawan jini da ciwon suga da shan sigari da raunin ji da raunin ganin da ba a magance ba, amma babu rashin shan ƙarin gina jiki. Hawan jini da suga kuma su ne ke lalata ƙananan jijiyoyin jinin ido da na ƙwaƙwalwa a lokaci guda. Ɗan da ke da kuɗin kwalba ɗaya a wata, idan ya mayar da su ga maganin hawan jinin mahaifinsa don kada ya yanke, ya kuma tara ragowar don aikin yana, ya yi wa ƙwaƙwalwar tsohon hidimar da ta fi ta ginko da man kifi a haɗe.

Ga wanda ya tabbata yana da dalilin saye, zaɓi tsakanin kwalabe biyu masu sinadari ɗaya yana da nasa ƙa'idoji. A duba lambar NAFDAC, amma a san cewa ga magungunan ganye lambar na nufin an duba rashin cutarwarsu ne, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance alkawuran da aka yi ba. A kayan waje, hatimin cibiyoyin gwajin inganci na USP ko NSF na nuna an gwada an ga abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta. Sinadari ɗaya mai bayyanannen adadi ya fi haɗin sirri, ya kuma fi sauƙin gane illarsa idan ta taso. Ƙwanso mai laushi galibi da jelatin ake yin sa, wanda kan fito daga saniya ko alade ko kifi, saboda haka Musulmi ya nemi wanda aka bayyana tushensa ko aka yi da tsiro. Zafin bazara yana ɓata man kifi, don haka kwalbar da ta wuni a rana a teburin kasuwa ko a bayan mota abin gudu ce, kuma idan aka huda ƙwanso ɗaya aka ji warin ruɓaɓɓen kifi sai a zubar da sauran. Duk abin da mutum ke sha ya ɗauki kwalbarsa ya nuna wa likita, musamman kafin tiyata, domin akan buƙaci a dakatar da ginko mako biyu kafin aiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan kasuwa shi ne masu tallar da ke cewa mutum ya ajiye maganin asibiti ya koma kan nasu, suna nuna hotunan waɗanda suka ce sun warke. Mai gilakomar da ya daina ɗiga maganinsa na wata uku don yana gwada ƙwayar wanke ido ba zai ji wani ciwo da zai faɗakar da shi ba, amma jijiyar ganinsa na ci gaba da mutuwa a hankali, kuma sashen da ya mutu babu likitan da zai iya dawo da shi. Idan mai irin wannan cuta yana son gwada wani ƙari, ya fara sanar da likitansa, ya ci gaba da ɗiga maganinsa a kan lokaci, ya kuma koma awon ido a ranar da aka sa masa.